Kafin Ka Tura Wancan Bidiyon: Addini da Tarihin Daura



Duk shekara idan watan Gani ya kama, hotunan Daura kan cika Facebook da TikTok: dawaki, algaita, rijiyar Kusugu, Sarki a ƙarƙashin laima. Bar hoton, gangara ƙasa inda ake musayar yawu, za ka tarar da rukuni biyu. Na farko na cewa duk wannan ragowar maguzanci ne, labarin Bayajidda kuma tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, Musulmin kirki ba ruwansa da ita. Na biyu sun rungumi labarin kamar saukakke ne daga sama, suna cewa wai Hausawa na zaune lafiya da daularsu, sai aka fake da addini aka ƙwace musu. Kafin ka ankara an koma zagin ƙabila, ana ambaton malaman da suka yi kusan shekara ɗari biyu a kabari da kalaman da ko a tasha ba a yi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duka rukunan biyu sun yi gaggawa. Ba za ka fahimci Daura ba in ka zare addini daga tarihinta, kuma ba ka yi wa addinin adalci ba in ka goge abin da ya zo ya tarar. Bari mu bi a hankali.

Ka san labarin tun kana firamare. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa aka ce babu, domin macijin da ke cikin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya kashe macijin, ya auri Magajiya Daurama, suka haifi Bawo. Daga nan aka sami Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

To, yanzu sake kallon labarin da idon mai bincike. Me ya sa Juma'a? Sunayen ranakun makon da muke amfani da su, tun daga Lahadi har Asabar, daga Larabci muka aro su, kuma Musulunci ne ya kawo su. Me ya sa Bagadaza? Birnin da Halifa Mansur ya kafa a shekarar 762, wanda ya zama hedikwatar daular Abbasiyya kuma matattarar malamai. Ka ga ke nan labarin da wasu ke kira na maguzanci, a yadda ya iso gare mu, yana ɗauke da tambarin Musulunci a goshinsa. Bakin da ya tsara shi a wannan siffa bakin Musulmi ne, wanda ke son ya nuna cewa garinsa na da dangantaka da duniyar Musulunci tun fil'azal.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Sarakunan Saifawa na Kanem da Borno sun danganta kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na ƙasar Yaman. Sarakunan Keita na tsohuwar daular Mali sun ce su jikokin Bilal ne, ladanin Manzon Allah (SAW). A littafin Tarihus Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi na Timbuktu ya rubuta a ƙarni na 17, akwai labarin baƙon da ya zo daga Yaman ya kashe wani kifi da mutanen Kukiya ke bauta wa, sai suka naɗa shi sarki. Baƙo daga gabas, dodo a cikin ruwa, sabuwar sarauta. Ka ji kama da wani abu? Wannan ya nuna maka yadda addini kan sa al'umma ta sake ba da labarin kanta. Idan mutane suka karɓi sabon imani, ba sallarsu kaɗai ke canzawa ba, har inda suke nuna wa da yatsa su ce "daga can muka zo".

Masana tarihi ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 1966 wani Bature mai suna Hallam ya yi rubutu yana danganta Bayajidda da Abu Yazid, ɗan Hawarijawa da ya yi wa daular Fatimiyya tawaye a Arewacin Afirka, aka kashe shi a 947. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙi yarda da cewa wani jarumi ɗaya daga waje ne ya kafa ƙasashen Hausa. A ganinsa birane sun taso ne sannu a hankali daga ƙauyuka da garuruwa, ta hanyar noma da ƙira da kasuwanci. Shi kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wata ruwaya dabam wadda ta ce Bawo bawan Sarkin Borno ne. Ka ga dai, duk wanda ya tsaya gaban kyamara ya ce maka shi ya riƙe "ainihin gaskiyar" cikin daƙiƙa arba'in, tambaye shi wanne daga cikin waɗannan ya karanta.

Amma fa labarin bai zama shara ba don an ce ba kowane gaɓa nasa ne ya faru ba. Yana adana abubuwan da ba za ka samu a wani wuri ba. Yana tuna mana cewa akwai lokacin da mata ke mulkin Daura, tun daga Tsohon Birni har zuwa Daurama. Yana nuna darajar maƙera, da darajar ruwa a ƙasar da ke bakin Sahel. Kuma alamunsa na raye: har gobe akwai sarautar Magajiya a Daura, akwai Hawan Magajiya a bikin Sallah, rijiyar Kusugu na nan ana ziyarta. Sallar Gani kanta, wadda wasu masu bincike ke ganin tushenta ya girmi zuwan Musulunci, yau a watan Rabi'ul Awwal ake yin ta, tare da Mauludi. Irin wannan ne Takutaha a Kano, inda jama'a ke hawa Dutsen Dala, dutsen da tarihin Kano ya danganta da Barbushe da Tsumburbura. Musulunci ya shigo ƙasar Hausa ta hannun 'yan kasuwa da malamai, kamar Wangarawan da suka iso Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana kawar da wasu abubuwa, yana gyara wasu, yana sauya wa wasu ma'ana.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ai wannan gauraye shi ne matsalar. Shi Shehu ya yaƙa." Maganarka na da tushe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Hausa a kan haɗa Musulunci da al'adun da suka saɓa masa, da harajin zalunci, da cin hanci a wajen shari'a. Hukuncin Mauludi da bukukuwa irin Gani kuwa magana ce ta malamai, an daɗe ana saɓani a kai, ni kuma ɗalibin aikin jarida ne, fatawa ba hurumina ba ce. Abin da nake cewa shi ne sanin abu daban, bauta masa daban. Malaman Musulunci ne suka adana waƙoƙin Larabawan jahiliyya, har yau kuma a zaurukan malamanmu ana karanta su Imru'ul Ƙaisi don a ƙware a Larabci. Ba wanda ya ce malamin da ke karantar da su ya bar addini. To don me sanin labarin Kusugu zai zama laifi?

Yanzu mu juya ga rukuni na biyu, domin nasu ya fi haɗari. Gaskiya ne jihadin da ya fara a 1804 ya iso Daura. Wajen 1805 Malam Ishaku, wanda ya karɓo tuta, ya ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyar tsohuwar sarauta ta kafu a Zango da Baure, kamar yadda ta Katsina ta koma Maraɗi, ta Gobir ta koma Tsibiri, ta Zazzau ta kafa Abuja wadda ake kira Suleja a yau. Bayan kimanin shekara ɗari, Turawan mulkin mallaka suka dawo da Malam Musa daga Zango suka ɗora shi a gadon Daura. Daga gidan nan ne aka sami Sarki Abdurrahman, da Muhammadu Bashar wanda ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007, da Sarki Alhaji Umar Faruk Umar. Wannan duk a rubuce yake, M. G. Smith ya yi littafi sukutum a kan Daura a 1978. Ba wanda ya ce a ɓoye shi, kuma ba wanda ya ce yaƙi bai bar tabo ba. An rasa rayuka, an raba mutane da gidajensu.

Sai dai mayar da wannan tarihi ya zama wasan ƙwallo tsakanin Hausa da Fulani rashin adalci ne ga tarihin kansa. Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa na cikin abubuwan da suka kunna wutar yaƙin, Ba'are ne, Bahaushe, ko da yake daga baya sun ɓata da Bello. Yakubun Bauchi da ya karɓi tuta ba Bafulatani ba ne. A ɗaya ɓangaren kuma, Shehu Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, da kansa ya yi kuka a rubuce a kan yadda wasu 'yan jihadin suka karkata ga neman mulki da dukiya, har ya bar su ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi na Borno ya rubuta wasiƙu yana ƙalubalantar halascin yaƙar Musulmi, Bello ya mayar masa da martani, sannan ya sa wasiƙun abokin jayayyarsa a cikin nasa littafin don na baya su karanta su auna. Dubi wannan da kyau. Mutanen da ke riƙe da takobi sun iya jayayya da hujja, mu da ke riƙe da waya mun kasa.

Kuma wannan ba wasa ba ne. A jihar Katsina muke, inda matsalar 'yan bindiga ta riga ta sa zargi da tsoro tsakanin maƙwabta. A irin wannan yanayi, bidiyon da ke cewa ƙabila kaza maƙiyanku ne tun 1804 kamar zuba fetur ne kusa da murhu. Wanda ya haɗa shi na iya kasancewa a wani gari mai nisa yana ƙirga masu kallo, amma wanda zai kwana da sakamakon yana Sandamu ko Mai'adua ko Baure, inda aka yi auratayya har ba ka iya raba jinin wannan da na wancan. Mu da yawa in aka ce mu zaɓi ɓangare, sai dai mu zaɓa tsakanin kaka ta wajen uwa da kaka ta wajen uba.

Ko adabin da muke alfahari da shi, a wannan mahaɗa aka haife shi. Kafin boko, da ajami aka rubuta Hausa, haruffan da muka samu ta dalilin karatun Alƙur'ani. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke kai karatu ga matan karkara. Wato 'yar Fulani na cikin waɗanda suka raya rubutacciyar waƙar Hausa. Da aka yi gasar ƙagaggun labarai a Zariya a 1933, littattafan da suka fito irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa cike suke da malamai da almajirai da tawakkali. Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura saboda kusancinsa da Sarki Bashar, ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi ta noma, ya kuma yi ta yabon Annabi, duk da kalangu ɗaya. Cire addini daga adabin Hausa ka ga abin da zai rage. Cire Hausa da al'adunta, ka ga ta wace hanya saƙon zai isa kunnen kakanninmu.

To me ya rage gare ni da kai? A ajinmu na aikin jarida, darasin farko shi ne: wa ya faɗa, a ina ya samo, me zai amfana in ka yarda? Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Malaman hadisi sun gina fanni guda a kan tantance masu ruwaya. Ibn Khaldun tun a ƙarni na 14 ya gargaɗi masu rubuta tarihi a kan haɗiye duk abin da suka ji, musamman in ya dace da son ransu.

Saboda haka in bidiyon ya iso wayarka, dakata. Tambayi mai shi sunan littafin da shafin. In ya ce "ai kowa ya sani", ka san bai sani ba. In kana Daura, ga Kusugu nan a cikin gari, ga dattawa da ransu, ga kwalejin da ke ɗauke da sunan Dokta Yusufu Bala Usman, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koya wa ɗalibai yi wa tarihi tambaya. Je ka ji, ka naɗa da wayar nan taka, ka rubuta sunan wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Ke ma 'yar'uwa, zauna da kakarki kafin ƙasa ta rufe idonta, domin abin da ta sani game da Magajiya babu shi a Google. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma ba su ce ka waiwaya ka jefi ɗan'uwanka ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.