Mutum-Mutumin Ƙarfe da Rikicin Jari-Bola

Duk wanda ya bi ta Tudun Wada a Jos da hantsi zai ji ƙarar guduma, ya ga tartsatsin walda a bakin hanya. Ƙofofi ake ƙerawa da tagogi da murhu, yawanci da guntayen ƙarfe da tsohon kwano. A irin waɗannan rumfuna ne yaro kan fara da motar gwangwani, daga nan ya ɗauki ragowar falanki ya lanƙwasa, ya yi masa kai da ƙafa, har ya tsayar da mutum-mutumi tsawon mutum.

Wasu na ganin wasan yara ne. Amma Jerry Mallo, ɗan Jihar Filato, da motocin wasa na tarkace ya fara, ga shi cikin Nuwamba 2019 ya nuna wa duniya motar tsere da ya ƙera a Jos, kuma ya yi suna wajen ƙera injunan noma. A Kano, cikin 2022, Isah Auwal Barde, yana da shekara 17, ya fito da mutum-mutumin da ya shekara biyu yana haɗawa da kwali da bututu da wayar tagulla da ƙananan injuna. Idan ya ɗaura na'urar sarrafa shi a jiki ya ɗaga hannu, shi ma sai ya ɗaga. Tun kafin shi, cikin 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi na Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda. Kowannensu an tafa masa, an ɗauki hoto.

To, amma ina za su sami ƙarfe? Nan ne gizo ke saƙa. Kamfanin mulmula ƙarfe na Jos, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a farkon shekarun 1980 tare da na Katsina da na Oshogbo, an shirya shi ne don ya fitar da tan 210,000 a shekara. Da ƙarfen Aladja ya dogara, da Aladja ta durƙushe shi ma ya bi ta. Aka sayar da shi ga 'yan kasuwa, bai kuwa farfaɗo ba. Sabon falanki ya fi ƙarfin aljihun ɗan koyo. Watau bola ita ce kantinsa, ita ce makarantarsa.

Bolar ma ba ta zama a gida. 'Yan Arewa mazauna Ikko da Shagamu sun fi kowa sanin wannan, domin da yawansu su ne masu tura kura, masu awo a sikeli, masu lodi da sauke tireloli a Ogijo da Ikorodu, inda ake narka tarkacen a mai da shi rodi. Dillali yana saye da kilo, kuɗi hannu, ba ruwansa da ko giyar nan ko sarƙar babur ɗin nan za ta yi gwiwar mutum-mutumi. Yaron da ke neman guda ɗaya tak ba zai iya ja da mai cika tirela ba.

Sai kuma ga hukuma ta shigo. Cikin Yuli 2023 Gwamna Zulum ya hana sana'ar jari-bola a Borno, saboda kashe masu shiga daji neman ƙarfe da 'yan Boko Haram ke yi da kuma ɓarnar kayan gwamnati. Cikin Janairu 2025 hukumar Abuja ta hana 'yan bola yawo, ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu, bayan an yi ta sace murafen magudanar ruwa a kan manyan tituna. Ba mai musun cewa akwai ɓarayi a harkar. Wanda ya cire murfin rami a titi ya haƙa wa mutane kabari. Amma dokar da ta rufe kasuwa baki ɗaya ba ta bambance ɓarawo da maƙeri, kuma mai tura kura ne kan fara shiga hannu, babban mai saye kuwa yana zaune a ofis.

Abin da ya fi dacewa shi ne a yi wa dillalai rajista, a riƙa tambayar mai saye inda kayansa suka fito. A Kaduna an riga an gwada wata hanya, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta haɗa kai da maƙeran Panteka don a gwada gwanintarsu a ba su takardar shaida. Jos tana da jami'a, tana da masu walda a kowace unguwa, kuma tazarar da ke tsakanin Tudun Wada da jami'ar ba ta wuce tafiyar Keke Napep ba.