Waiwaye: Tirelar ɗaukar mota, sikeli ke zaɓenta

A 1914, wani maƙeri mai ƙera keken doki a birnin Detroit na Amurka, August Fruehauf, ya samu aiki daga wani ɗan kasuwar katako, Frederic Sibley, wanda ke son ya kai kwalekwalensa bakin tafki da motarsa Ford Model T. Motar ba za ta iya ɗaukar kwalekwalen a bayanta ba. Sai Fruehauf ya ƙera masa keke mai tayoyi a baya kawai, gabansa na zaune a kan motar. Daga nan tirelar da muka sani ta samo asali. Dabarar maƙerin har yau ita ce tushen zancen: nauyin kaya rabuwa yake yi, wani a kan tayoyin tirela, wani a kan motar da ke ja.

Mu a nan mun daɗe muna jan motar da ta mutu da sarƙa ko igiya, a zaunar da yaron bakanike ya riƙe sitiyari. Amma in injin a kashe yake, birki yakan yi tauri bayan an taka shi sau biyu ko uku, sitiyari ma ya yi nauyi. In motar otomatik ce kuma, famfon man giya ba ya aiki sai da inji, don haka doguwar tafiya tayoyi na juyawa a ƙasa takan ƙone giyar. Ɗora motar a kan tirela ya fi wannan nesa ba kusa ba, da sharaɗin tirelar ta dace da ita.

Mutane sukan duba tsawo, su ga motar ta shiga, su ce shi ke nan. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ƙaramin allon da kamfani ke liƙawa a jikin tirela, mai nuna iyakar nauyinta gaba ɗaya. Wannan adadi ya haɗa da nauyin ita kanta. Tirelar ɗaukar mota da aka fi samu a Amurka, mai layi biyu na tayoyi, iyakarta kilo 3,175 ne, ita kuma ta kusa tan ɗaya. Abin da ya rage wa kaya bai fi kilo 2,200 da 'yan kai ba. Hilux mai gida biyu ta kai kusan tan 2, wato da ƙyar ta tsira, in ba a bar buhuna a bayanta ba. Babbar a-kori-kura irin Ford F-250, da ke kusan tan 3, ba wurinta ba ne ko da ta shiga cif. Irinta sai tirela mafi ƙarfi, kamar mai dogon wuya, wadda ake saƙalawa a tsakiyar bodin motar da ke ja, daidai saman tayoyin baya.

Ita ma mai jan tana da iyakarta. Sabbin Hilux na iya jan har kilo 3,500, amma fa in tirelar na da birkinta. In babu, kilo 750 ne kacal. Wannan ne ya fi damuna, domin tirelolin da masu walda ke haɗawa a garejojinmu sau da yawa ba allo, ba birki. Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo ta hanyar Jos ya san abin da tan 3 zai yi in ya turo ka daga baya.

Sai ɗorawa. Injin motar ya fuskanci gaba, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan mahaɗa, wato inda tirela ke haɗuwa da motar da ke janta. In nauyin ya koma baya, da an ƙara gudu tirela za ta fara lilo hagu da dama har ta kwashe gindin motar da ke janta. A ɗaure motar ta kusurwa huɗu, a gitta sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin mahaɗa, sannan bayan tafiyar 'yan kilomitoci a tsaya a sake ƙara wa ɗaurin ƙarfi, don yakan saki da zarar mota ta zauna.