Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Ran Asabar ɗin da ta wuce na shiga kasuwar Yelwa a nan Bauchi don in sayi kifin miya, sai na tarar da wani dattijo ya baza busasshen kifi a faifai, 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba. Na ce, "Baba, ina iyayensu?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai abin da koma ta kawo shi muke sayarwa." Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami yau, domin ciwon da ke cikin faifan nan shi ne ke damun manyan tekunan duniya.

A teku akwai jiragen ruwa masu jan wata ƙatuwar koma mai kama da buhu, tana sharar ƙasan ruwa sa'o'i da dama. Koma kuwa ba ta da ido. Mai jirgi ya fita neman jatan lande, wanda ke kawo kuɗin ƙasashen waje, amma in aka jawo sai a ga ƙananan kifaye, da kaguwa, har da kunkurun teku. Tun da wuri da ƙanƙara a cikin jirgi ƙayyadaddu ne, sai a tsince mai tsada, a watsar da saura cikin ruwa, galibinsu sun riga sun mutu saboda matsi.

Kada mai karatu ya ɗauka abin kaɗan ne. A shekarar 2019 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ana zubar da tan miliyan 9.1 kowace shekara, watau wajen kashi ɗaya cikin goma na abin da ake kamawa a teku, kuma kusan rabin wannan ɓarna daga masu sharar ƙasan ruwa take.

To, ina magani? Na farko shi ne faɗaɗa idon koma. Ƙa'idodin da Nijeriya ta kafa a ƙarƙashin Dokar Kamun Kifin Teku ta 1992 sun ce idon gindin koma kada ya gaza milimita 76 ga mai neman kifi, ko 44 ga mai neman jatan lande. Sun kuma hana waɗannan jirage aiki cikin mil 5 na farko daga gaɓa, inda kifi ke renon 'ya'yansa, masu kwalekwale kuma ke neman abincinsu.

Na biyu shi ne wata raga ta ƙarfe da ake kafawa a wuyan koma. Jatan lande ya bi ta tsakanin sanduna ya shige ciki, kunkuru da manyan halittu su yi karo da ita su fice ta wata kafa da aka bari. Amurka ta yi doka a 1989 ta hana shigo da jatan lande daga ƙasar da ba ta kare kunkuru, har Nijeriya ta taɓa rasa wannan kasuwa, sai da jiragenmu suka gyara aka sake buɗe mata ƙofa.

Na uku shi ne hana zubarwa ɗungum. Ƙasar Norwe ta fara haka a 1987, Tarayyar Turai kuma ta bi sawu daki-daki daga 2015 zuwa 2019. Hikimar ita ce, wanda ya san dole ya kawo duk abin da ya kama zuwa gaɓa, zai kauce wa matattarar ƙananan kifi tun farko. Sai dai doka a takarda ba ta ɗaure kowa a tsakiyar teku in babu mai sa ido.

Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Bauchi da teku? Kifin ƙanƙarar da matanmu ke soyawa daga can yake zuwa, in ya yi ƙaranci aljihunmu ne zai ji. Ban da haka, wanda ya shiga kogi ko madatsar ruwa da gidan sauro ya kwashe 'ya'yan kifi, ɗan'uwan mai jirgin nan ne. Kakanninmu sun san wannan: a Argungu ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa.

Saboda haka ina kira ga sarakunan ruwa da ma'aikatan kula da kifi na jihohi su riƙa duba idon kowace koma, tun daga madatsar Gubi har Tafkin Chadi. Mu kuma masu saye mu daina rububin 'ya'yan kifi don araha. Wanda ya cinye iri da rani, me zai shuka da damina?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.