Wa ke riƙe da irin hatsin Nijar?

A watan Disamba na 2023, lokacin da mayaƙan RSF suka shiga Wad Madani a Sudan, cikin wuraren da aka wawashe har da cibiyar ajiyar irin shuka ta ƙasar. An kwashe firji, an bar ƙunshin irin dawa da na hatsi a warwatse a ƙasa. Dubban nau'o'i ne da masana suka yi shekaru suna bin ƙauyuka suna tarawa. Abin da ya rage wa Sudan zafi shi ne tana da kwafin wani sashe a rumbun Svalbard na ƙasar Norway, wanda aka haƙa cikin dutse mai ƙanƙara, aka buɗe shi a 2008 domin irin wannan rana.

Siriya ta riga ta ga haka. Yaƙi ya kori cibiyar ICARDA daga Aleppo, kuma a 2015 ta zama ta farko da ta je Svalbard ta karɓo ajiyarta, ta sake shukawa a Lebanon da Maroko. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Nijar, da ke fama da rashin tsaro a iyakoki da dama, ba ta da hujjar cewa ba ta gani ba.

Abin da ƙasar ke iya rasawa ba ƙarami ba ne. A yankin Sahel aka fara noma hatsi, fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, kuma manoma sun tace shi gona bayan gona: zango mai dogon kai, maiwa mai jiran ƙarshen damina, hainikire na ƙasar Zabarmawa. Daga wannan na ƙarshe aka fitar da HKP, irin da ake rabawa manoma kusan kowace shekara. Duk wani sabon iri da masana ke alfahari da shi, a rumbun wani talaka aka samo kakansa.

Wani bincike ya nuna amfanin ajiya ƙarara. Masana sun ɗauko hatsin da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976, suka shuka shi kusa da wanda aka tara a ƙauyukan nan dai a 2003. Na baya-bayan ya fi saurin fitar da kai. Wato a shekarun fari, ba tare da wani taro ko tallafi ba, manoma sun yi ta zaɓen zangarniyar da ta nuna da wuri har suka sauya halin hatsinsu. Da ba a ajiye na 1976 ba, babu wanda zai san haka, kuma halayen da aka bari a baya da sun tafi ke nan.

Wasu ƙasashe sun san darajar wannan dukiya. Iniadi, wani hatsi na manoman arewacin Togo da Gana, shi aka tace ya zama irin da ya bazu a gonakin Indiya da Namibiya tun ƙarshen shekarun 1980. Nijar ma ta ci riba: a 2018 ta amince da Chakti, hatsi mai saurin nuna da yawan sinadarin ƙarfe, abin da mata masu ciki da yara ke matuƙar bukata.

Matsalar ita ce wa ke biya. Rumbun ajiyar iri da aka fi sani a ƙasar yana Sadore, kudu da Yamai, a hannun ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai hedikwata a Indiya. Aikinta abin yabo ne, amma da kuɗin masu ba da agaji take tafiya, su kuwa sukan sauya ra'ayi ba sallama. INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa da aka kafa a 1975, tana da tashoshi irin ta Tarna a Maraɗi da ƙwararrun ma'aikata, sai dai yawancin bincike a ƙasashen Sahel na tsayawa ne ranar da kuɗin wani aikin haɗin gwiwa suka ƙare.

Ajiyar iri kuwa ba ta jira. Ɗakin sanyi yana son wuta dare da rana, kuma kowa na tuna Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta yanke lantarki. Irin da ke ciki ma yana tsufa. Dole a riƙa gwada tsirowarsa, a sake shuka shi, a rufe kowane kai da jaka, domin iska ce ke yi wa hatsi barbara, nan da nan wannan ya gauraye da wancan. Aiki ne mai cin rai, ba a yanka masa kyalle a gaban kyamara, shi ya sa ƴan siyasa ba su cika waiwayarsa ba.

Akwai masu cewa ƙasar da ke neman cimaka ba ta da kuɗin sanyaya iri. Yunwar ita ce babbar hujja. A shekarar da aka yi fari, iyali kan daka irinsu su ci, damina ta gaba su shuka duk abin da suka samo a kasuwa. Ta haka nau'in da ya dace da ƙasar ƙauye guda ke ɓacewa, ba wanda ya rubuta sunansa.

Tun da ikon kai ne maganar da ke bakin mahukunta a yau, ya kamata a gan shi a kasafin kuɗi: kaso na dindindin ga rumbun iri na INRAN, wutar hasken rana ga ɗakunan sanyi, da kwafin kowane nau'i a wuri na biyu nesa da na farko. Ajiya a Svalbard kyauta ce, kuma irin yana nan mallakin wanda ya kai shi.

Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke Kwatano, Legas, Agadas ko Faransa, masu haɗa kuɗin gina masallaci da rijiya, suna iya ƙara rumbun iri na ƙauye a cikin lissafinsu: ɗaki guda, ganguna masu murfi, da littafin da za a rubuta sunan kowane hatsi da gidan da ya fito.