Katantanwar tabki: kada mu zuba guba a ruwanmu

Damina ta sauka, tabkuna sun cika. Daga Korgom zuwa Urafan, daga Maijirgi zuwa kwarin Gulbin Kaba a ƙasar Mayayi, duk kududdufin da aka haƙa don tubali ya ɗauki ruwa. Dabbobi suna sha, mata suna wanki, yara suna iyo. Bayan wata biyu ko uku sai a fara ganin yaro yana fitsarin jini. Wannan ita ce tsargiya. A takardar gidan likita ana rubuta ta "bilharziose", daga sunan Theodor Bilharz, likitan ƙasar Jamus da ya gano tsutsarta a Masar a shekarar 1851.

Mutane da yawa sun san yanzu cewa wata ƴar ƙaramar katantanwa ce ke rainon tsutsar. To, shi ya sa muke jin masu cewa: a samo maganin ƙwarin gona, irin na feshin wake, a zuba a tabki, katantanwa ta mutu a huta. Mu ba mu yarda da wannan shawara ba.

Mun san inda tunanin ya samo asali. Dattawa ba su manta da kurkunu ba. Shi ma wani ƙwaro ne mitsitsi a cikin ruwa yake ɗauke da shi. Mutum ya sha ruwan tabki bana, baɗi war haka tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa, daidai lokacin noma. A binciken shekarar 1991 an ƙidaya masu kurkunu sama da 30,000 a Nijar. Aka raba ƙyallen tace ruwa gida-gida, ma'aikata suka riƙa zuba wani magani mai suna Abate a wasu tabkuna. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Amma a tuna: ma'aikatan nan sai sun auna tsawon tabki da faɗinsa da zurfinsa kafin su zuba ko cokali ɗaya. Kuma maganin an zaɓe shi ne don ruwan da mutane ke sha. Na gona ba haka yake ba.

Wanda ya zuba maganin gona a tabki, kifi zai fara kashewa. Tarwaɗa da karfasa su taso su yi fari a bisa ruwa, yara su kwashe su kai gida a dafa. Akuya ta sha, jaki ya sha, mai lambu ya ɗiba ya ba salati. Ita kuwa katantanwar da aka nufa, ba lalle ta ƙare ba. Tana maƙale a ƙarƙashin ganyen bado da kainuwa, tana shiga cikin laka. Ko tabki ya ƙafe ƙaf da rani, wasu suna kwanciya a cikin taɓo kamar yadda gaiwa ke yi, ruwan farko ya tashe su. Kaɗan da suka tsira sun isa su sake cika tabkin. An yi asarar kifi, an sa dabba cikin haɗari, cuta kuma tana nan.

Akwai maganin katantanwa na gaskiya, sunansa niclosamide. Shi ma yana kashe kifi. Saboda haka aikin ma'aikatan lafiya ne, su ke zaɓen wuri da lokaci. Ba abin saye ba ne a kasuwar Tasawa.

Mu dubi yadda cutar ke zagayawa, a nan dabara take. Mai tsargiya ya yi fitsari a cikin tabki ko a bakinsa. Ƙwan tsutsa yana cikin fitsarin. Ƙwai ya ƙyanƙyashe a ruwa, ƴar tsutsa ta nemi katantanwa ta shiga. Bayan kamar wata ɗaya sai ta fito da yawan gaske, ta huda fatar wanda ya tsoma jiki a ruwan. Ta fata take shiga, don haka ƙyallen tacewa da ya kori kurkunu ba ya isa a nan. Kuma ta fi fitowa da tsakar rana, lokacin da zafi ke kora yara zuwa iyo.

Katantanwar da ba a yi mata fitsari ba, ba ta da abin da za ta ba kowa. Mu ne ke ba ta cutar, ita ta mayar mana. Salga a kowane gida, da hana fitsari a bakin tabki, sun fi galan goma na guba amfani.

Sai maganin sha. Tun shekarar 2004 gwamnatin Nijar ta fara raba ƙwayar praziquantel kyauta, musamman ga ƴan makaranta. Ana tsayar da yaro jikin sandar awo, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. A ba shi tuwo ko fura tukuna, don maganin yana wahalar da wanda cikinsa ba komai. Yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana wata shiga, shi ya sa ake maimaitawa. Abin da ke damunmu shi ne yaran da ba sa zuwa makaranta: masu kiwo, almajirai, da ƴan mata masu talla. Su ne suka fi daɗewa a ruwa. Ya kamata mai gari da liman su tabbata an kai su wurin rabo. Har yau akwai masu ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji. Ba haka ba ne. Tsutsa ce ke yi wa mafitsara rauni, yaro ya rame, jininsa ya ragu. In ta daɗe tana iya taɓa ƙoda, ga mace kuma tana iya kawo ciwon mara da wahalar samun ciki.

Ciyawar bakin tabki ma a rage ta, a daidai mashigar da ake wanki da ɗibar ruwa. A yi aikin da sassafe, da dogon manjagara, daga tudu. Wanda zai taka ruwa ya sa takalmin roba mai tsawo. A baza ciyawar nesa da tabki, rana ta busar da katantanwar da ke jikinta. Aikin gayya ne, kuma sai an sake shi, domin ciyawa tana dawowa.

Wani zai ce: ku hana yara shiga tabki mana. Faɗi da sauƙi. Garin da rijiyarsa ke da gaba talatin, famfonsa kuma ya lalace tun bara, dole a je tabki. Gyaran famfo yana wuyan kwamitin ruwa na gari da hukuma, kuma muna da haƙƙin tambayarsu. Kafin a gyara, ruwan wanka da aka ɗebo daga tabki a zuba shi a randa ko duro, a rufe, ya kwana 2 cur. Tsutsar ba ta rayuwa fiye da haka in ba ta sami jikin mutum ba. Na sha kuwa a tace shi, a tafasa.