Gadar Hammersmith Da Zafin Rana

A birnin Landan akwai wata tsohuwar gada bisa kogin Thames, ana ce da ita Hammersmith, wadda aka buɗe a 1887. Rataye take a jikin manyan sarƙoƙi, su kuwa sarƙoƙin sun dogara kan waɗansu gajerun ginshiƙai huɗu na ƙarfen zubi. A watan Afrilu 2019 aka hana motoci hawanta domin an ga tsaga a jikin ginshiƙan. Da aka yi matsanancin zafi a watan Agusta 2020 sai tsagar ta ƙaru, aka hana masu tafiya ƙasa, har jiragen ruwa ma aka hana su wucewa ta ƙarƙashi.

To, ina ruwan zafi da ƙarfe? Ƙarfe mai tsawon ƙafa 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yakan miƙe kusan rabin inci. Wannan ba wani abu ba ne muddin an bar masa wurin motsi. Amma in an danne bakinsa biyu, ƙarfin miƙewar sai ya koma cikin jikinsa. Falle mara kauri yakan lanƙwashe, balle in fuska ɗaya na shan rana ɗayar na cikin inuwa, watau ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wanda ya taɓa jin rufin kwano yana ƙara da tsakar rana ya san abin. Shi kuwa ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage.

Saboda haka mu a ganinmu ba rana ce da laifi ba. Maginan farko sun san halin ƙarfe, sun sa waɗansu ƙarafa masu mirginawa domin sarƙa ta riƙa ja da saki. Shekara da shekaru aka bar tsatsa ta ci su har suka cije, kowane canjin zafi ya riƙa ƙarewa kan ginshiƙan.

A watan Yuli 2022, sa'ad da zafi ya wuce digiri 40 a Ingila, sai da aka naɗe sarƙoƙin da takarda mai walƙiya, ana sanyaya su da dare. Dabara ce, amma ba gyara ba ce. Gadar kuwa mallakar hukumar gunduma ce, ba ta gwamnatin ƙasa ba. A 2024 an ƙiyasta kuɗin gyaran kan fam miliyan 250, ana ta ja-in-ja kan wanda zai biya, mota kuwa ba ta koma hawa ba.