Tsagar Da Ke Tunkarar Istanbul

Sharhinmu na yau ya leƙa Turkiyya, inda girgizar ƙasa ta 6 ga Fabrairu 2023 ta hallaka mutum sama da 50,000 a ƙasar da maƙwabciyarta Siriya. Me ya sa wannan yanki ba ya rabo da girgiza?

Ɓawon duniya manyan faya-fayan dutse ne masu motsi a hankali. Miliyoyin shekaru faifan yankin Larabawa yana tafiya arewa, tekun da ke tsakaninsa da faifan Turai da Asiya yana ta tsukewa. Da tekun ya ƙare, sai tudu ya yi karo da tudu. Yankin Anatoliya na Turkiyya da ya matsu a tsakiya sai ya sulluɓe yamma, kamar ƙwallon dabino a tsakanin yatsu biyu, santimita 2 zuwa 3 a shekara.

Wannan sulluɓewa ce ta haifar da manyan tsaga biyu, ta Arewacin Anatoliya da ta Gabashinta wadda ta motsa a 2023. A irin wannan tsaga, ɓangarorin biyu gogar juna suke yi gefe da gefe. Kuma ba dare ɗaya take samuwa ba. Ƙananan tsage-tsage ne ke fara bayyana a warwatse, motsi ya yi ta haɗa su har su zama layi guda. Ta Arewa ta faro daga gabas sama da shekara miliyan 10 da suka wuce, ta yi ta miƙewa yamma, har tsawonta ya haura kilomita 1,200.

Girgizar ƙarni na 20 a kan tsagar Arewa ma yamma ta nufa. Ta fara da Erzincan a 1939, ta sake afkuwa a 1942 da 1943 da 1944 da 1957 da 1967, kafin ta Izmit a 1999 ta kashe mutum sama da 17,000. Duk sashen da ya ɓalle, nauyinsa kan koma kan na gaba. Yanzu hankalin masana yana kan Tekun Marmara, kudu da Istanbul mai mutum sama da miliyan 15, inda akwai sashen da rabonsa da ɓallewa tun 1766.

Masana sun nuna wurin, ranar kuwa Allah kaɗai ya sani. Abin da ke hannun ɗan Adam shi ne ingancin gini, domin rushewar gidaje ce ke cin mafi yawan rayuka. Wajibi ne hukumomin Turkiyya su ƙarfafa tsofaffin gine-ginen Istanbul, su hukunta duk ɗan kwangilar da ya karya dokar gini, tun kafin ƙasa ta motsa.